Teburin Ɓawon Ƙwai

Ranar Asabar da safe, ana cikin ɗaga ƙofofin rumfuna a kasuwar tsoffin kaya ta Saint-Ouen, sai ihun Tiphaine ya cika layinmu. Na ajiye gahawata na nufi can. Ba tausayi ne ya ja ni ba, na dai san ko na ƙi zuwa za a aiko a kira ni.

Ni ce Ghislaine, wasu a layin suna ce mini Gigi. Na ƙarar da ƙuruciyata ina yawon ƙauyuka da gidajen da aka yi rasuwa, ina tsinto wa dillalai kujeru da tebura. Da gwiwoyina suka ce sun gaji, sai na koma bin sawun kayan da suka ɓata. Idan aka sace maka madubi a kasuwar nan, ni kake fara nema. 'Yan sanda za su rubuta, su ba ka takarda, ka je ka rataye ta inda madubin yake. Ni kuwa nakan dawo da madubin, wani lokaci har da sunan da ba ka so ka ji ba.

Na tarar da Tiphaine a tsakiyar rumfarta tana nuna wani lungu. Yarinya ce da ba ta daɗe a layin ba. Ta sayi rumfar ta yi mata farin fenti kamar ɗakin asibiti, tana sayar da ƙananan teburan da ake ajiyewa a gefen kujera, irin na ƙarfe mai ƙyalli da gilashi. Abu ɗaya ne a rumfar ya fi ƙarfin sauran, shi ne kuma babu.

Ɗan tebur ne zagayayye mai ƙafa uku, aikin zamanin da muke kira Art Déco, tsakanin manyan yaƙe-yaƙen nan biyu. An yi ta shafa masa baƙin fenti ana gogewa har ya zama kamar madubi, sannan aka farfasa ɓawon ƙwai mitsi-mitsi aka jera a samansa da hannu, tsakiyar cunkus, yana yin gefe yana watsuwa kamar gishirin da ya zube a baƙin faranti. Wanda ya yi shi ya daɗe a ƙasa, kuma da haƙurinsa ya tafi.

"Jiya ban fito ba," in ji Tiphaine. "Ranar Litinin da hannuna na rufe, yana nan. Yanzun ma sai da na share ƙofa kafin na lura. Dubi abin da ɗan iskan ya yi mini!"

A inda teburin yake, an jawo wata 'yar kujerar katako daga bayan rumfa an ajiye, an ɗora mata fitilar da dā take kan teburin. Na duba kwaɗon ƙofa, ko ƙwarzane babu.

"Wayo ne," in ji Léandre daga bayana. Shi ne shugaban ƙungiyar layinmu, mutum mai son ɗaura gyale a wuya da sauraron muryarsa. "Ya toshe wurin don kada a gane da wuri. Mu daina wahalar da kanmu, Ghislaine. Ba a fasa ƙofa ba. Mutum nawa ne ke yawo da mabuɗan rumfunan jama'a a ƙugunsa?"

Kowa ya juya. Firmino ɗan dako yana tsaye a bakin layi riƙe da amalankensa. Mutumin tsibiran Cape Verde ne, ƙato, furfura ta fara masa, kuma ya fi rabin dillalan nan daɗewa a kasuwa. Shi yake ɗaukar kayanmu, shi muke bar wa mabuɗi idan za a kawo kaya ba ma nan. Amma yana saurayi ya taɓa zaman gidan yari, abin da kowa ya manta, kuma kowa ya tuna a wannan safiyar.

Marcelle mai shagon gahawa ta murɗe tsumman da ke hannunta. "Ni dai ba na son raba mutum da abincinsa," ta ce, "amma jiya da asuba ina buɗe shago na gan shi ya tura amalanke ya fita ta ƙofar baya. Da abu a kai, an lulluɓe da bargo."

"Kayan wa ka ɗauka, Firmino?" Léandre ya tambaya.

"Aike ne, yallaɓai."

"Aiken wa?"

Firmino ya kalli ƙasa. Nan take Léandre ya miƙa hannu, shi kuma ya kwance mabuɗan ya ba shi. An yanke cewa ranar Litinin idan an tashi kasuwa za a haɗu a shagon Marcelle. Idan ba a samu wani ɓarawon ba, za a miƙa Firmino ga 'yan sanda, kuma ba zai ƙara taɓa kayan kowa a layin ba. Mai irin tarihinsa idan ya shiga hannu, ba a yi masa tambaya da yawa.

* * *

Na same shi a bayan layi zaune a kan amalanken, ya haɗa tagumi.

"Kai, ƙaton banza," na ce, "ka san inda za su kai ka?"

"Na sani, Madam Gigi. Na taɓa zuwa."

"Ka saci teburin?"

"Ban sata ba."

"Ka san inda yake?"

Ya ɗaga kai ya dube ni, idanunsa jajir. "Madam, ke ma ki bar maganar nan. Don Allah ki bar ta."

Na yi masa faɗa, na yi lallashi, har zagi na haɗa masa, ko gezau. Na tashi raina a ɓace. Na ga ɓarayi da yawa, bakinsu ba ya rufuwa, kowane yana da labari uku a aljihu. Wannan ko rabin labari bai tanada ba, shi ne abin da ya dame ni.

* * *

Rumfar da ke fuskantar ta Tiphaine ta Baba Célestin ce, don haka na tsallaka da sabon kofin gahawa a hannu. Shi ne dattijon layin. Rabinmu a wurinsa muka koyi cewa ana fara duba cikin tebur kafin a dubi fuskarsa. Dā can babbar rumfar da Tiphaine take ciki tasa ce. Bayan rasuwar matarsa Odile ya sayar da ita, ya koma wannan 'yar ƙurya da tebura kaɗan da ba ya ma damuwa ko an saya.

Ina shirin ajiye kofin a kan wani teburinsa, sai ga hannunsa ya riga ni. Ya zura ɗan koren ƙyallen ulu a ƙarƙashi, zagayayye kamar gindin kofi. Aljihunsa ba ya rabuwa da su, da almakashi yake yankan su da kansa, kuma ko a gidan biki ka gan shi haka yake bin kofunan mutane.

"Har yanzu ba ki yi hankali ba, Gigi," ya ce yana murmushi.

"Sai na girma, Baba. Jiya da asuba ka fito?"

"Ina fitowa mana. Wa zai buɗe in ba ni ba?"

"Ba ka ga kowa a rumfar can ba?"

Ya leƙa ya dubi Tiphaine tana kuka a waya. "Yarinyar da ke tsare mini rumfa? Me aka yi mata?"

Na yi dariya, don na ɗauka irin tsokanarsa ce. Na gaya masa ana zargin Firmino.

"Firmino yaron kirki ne," ya ce. Ya koma goge ƙafar tebur da tsumma, na tafi na bar shi.

* * *

Daga nan na bi ta kan waɗanda nake so a ce su ne. Na fara da Léandre, don kowa ya san ya taya teburin nan har sau ba adadi Tiphaine ta hana shi. Na ce ya buɗe mini ɗakin ajiyarsa.

"Ni? Ni kike zargi?" Ya dafa gyalensa kamar na taka masa.

"Kai ka fi kowa saurin nuna yatsa, shi ya sa nake son ganin sauran yatsun."

Ya buɗe yana huci. Na samu tebura masu ƙafafun da ba nasu ba, na samu wani da aka tsofar da shi da ruwan shayi da bugun sarƙa, wanda na tabbata na girme shi. Teburin ɓawon ƙwai dai babu. Ranar Juma'a kuwa yana wurin gwanjo a wani gari, mutum goma sun gan shi yana asara.

Na koma kan ita Tiphaine, don ba yau aka fara ɓoye kaya a ce an sace ba.

"'Yan nan, teburin yana da inshora?"

Ta fashe da kuka. Babu. Duk abin da ta mallaka a kansa ta zuba. Na ba ta hankici na ce ta yi haƙuri da bakina, haka aka halicce shi.

"Da kika sayi rumfar, kin canza kwaɗo?"

"A'a. Na ga mai kyau ne, irin na dā."

Na ji maganar, amma ban tsaya a kanta ba.

Ranar Lahadi na bi hanyar amalanke. Ɗaya daga cikin tayoyinsa tana kuka kamar mage, duk unguwar an san ta. Mai shara ya ji ta, mai gidan burodi ma ya ji ta. Abin mamaki, ba wajen da manyan motoci ke tsayawa ta nufa ba, inda kayan sata ke shiga su tsallake iyaka kafin azahar. Cikin unguwa ta yi, wajen tsoffin gidajen bayan coci. A mararrabar nan sawun ya ɓace mini. Na ƙwanƙwasa ƙofofi har ƙafafuna suka kumbura, ba wanda ya ga komai.

* * *

Da yamma na koma rumfar Tiphaine na zauna a ƙasa ina kallon lungun. Tun jiya kowa abin da babu yake kallo, har da ni. Ba wanda ya kalli abin da aka bari.

'Yar kujerar nan daga bayan rumfa aka ɗauko ta, inda komai ya yi ƙura, amma ita an goge ta tas. Tana da tsaga a gefe ɗaya, an juya tsagar ta kalli bango. An naɗe wayar fitila an soke ta a baya yadda mai wucewa ba zai gani ba. Wane ɓarawo ne yake da wannan lokacin?

Tsoffin dillalai suna da wata ɗabi'a da yaran yanzu ba su sani ba. Idan kaya ya fita daga rumfa, ba a barin gurbinsa a buɗe ko na minti ɗaya. Suna cewa rumfa mai giɓi tana korar mai saye. Hannunsu ne yake yi, ko kansu yana wani wuri. Wanda ya ɗauki teburin nan ba ɓoye sata ya yi ba, rumfa ya gyara.

Na miƙa hannu na ɗaga fitilar. A ƙarƙashinta akwai ɗan koren ƙyallen ulu, zagayayye, yankan almakashi.

"Naki ne wannan?" na tambayi Tiphaine.

"A'a. Mene ne?"

"Ba komai," na ce, na sa shi a aljihu. Na tuna kwaɗon da ba a canza ba, na tuna wa ke zaune a bayan coci. Da a ce Léandre ne, da na taka rawa a tsakiyar layi. Ranar na koma gida ko abinci ban iya ci ba.

* * *

Litinin da safe na hau benen gidan Baba Célestin. Ya buɗe mini sanye da kwat a kan kayan barci, ya ɗora yatsa a baki.

"A hankali, Gigi. Tana barci."

Gidan dillali ba ya tara kaya. Duk abin da ya shigo aro ne, ranar da mai saye ya zo zai fita, ko da kana cin abinci a kai. Falon Baba kujera ɗaya ce da rediyo. Ya ja ni zuwa ƙofar ɗakin kwana ya tura ta kaɗan. Gadon a gyare yake, babu kowa a kai. A gefensa ga teburin ɓawon ƙwai yana sheƙi, an ɗora masa kofin ruwa a kan koren ƙyalle, da tabarau irin na mata.

Sai a lokacin na gane shi. Lokacin da Odile take jinyar ajali, wannan teburin ne a gefen gadonta. Ita da ba ta taɓa roƙon a bar mata komai ba, shi ta ce a bar mata. Wani baƙo daga ƙetare ya zo ya yi tayin da ba a ƙi, Baba ya hau bene ya sauke magungunanta a ƙasa ya fita da shi. A lokacin duk layin mun ce ya yi ciniki, ba wanda ya ga laifinsa. Teburin ya yi yawonsa a duniya, ya dawo ta hannun Tiphaine, ya sauka a tsohuwar rumfarsu, daidai inda Baba yake kallo daga safe har yamma.

"Na ce mata aro na yi, ranar Juma'a zan dawo da shi," ya raɗa mini. "Kin ga na cika. Ta yi ta fushi, kin san halinta."

"Na sani, Baba," na ce.

Ina saukowa na yi karo da Firmino a matakala, da burodi a hammata. Yana ganina ya jingina da bango.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Tun bara, Madam. Wata rana lafiya lau, wata rana sai ya tambaye ni ko Madam Odile ta dawo daga kasuwa. Ni nake zuwa in kashe masa gas, in ba shi abin karyawa, in raka shi rumfa. Idan yana cikin teburansa ba mai ganewa."

"Ranar Juma'a fa?"

"Na same shi a ƙofar baya ya rungumo teburin, numfashinsa na fita da ƙyar. Da tsohon mabuɗinsa ya buɗe. Na ce, Baba mu mayar. Sai ya fara kuka, wai tana jira. Na ce bari in kai masa, idan ya yi barci in dawo da shi. Bai yi barcin ba, Madam. Zama ya yi a gefensa har gari ya sake wayewa."

"To yau mu mayar da shi a ɓoye."

"In ya dawo a ɓoye, ai sun tabbatar ni ne. In kuma na faɗi gaskiya, 'yarsa za ta zo daga Lyon ta kai shi gidan tsofaffi. Ba zai yi wata uku a can ba." Ya share ido da bayan hannu. "Ranar da na fito daga gidan yari babu wanda ya yarda in taɓa masa ko tsintsiya. Shi ya fara ba ni kaya na ɗauka. Ki bari su kai ni. Na san wurin."

"Idan suka kai ka, wa zai kashe masa gas?"

Bai yi tunanin wannan ba, don shi ba mutumin lissafi ba ne. Na wuce shi na sauka, ina jin haushinsa da tausayinsa a lokaci ɗaya.

* * *

Da aka tashi kasuwa muka taru a shagon Marcelle. Léandre ya zauna a tsakiya, ya baje mabuɗan a gabansa. Tiphaine tana gefe idonta a kumbure. Firmino ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Baba Célestin yana kusurwarsa ta kullum, an ba shi shayi, don ba a taro a layin nan ba tare da shi ba.

"To, Ghislaine," in ji Léandre, "kin gama birkita ɗakunan mutanen kirki? Wa kika kamo mana?"

"Ɗakinka kam na ga abin kirki a ciki, amma mu bar shi sai wata rana." Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. "Ba kai ba ne. Ba Tiphaine ba ce. Firmino ya tura amalanke, gaskiyar Marcelle ne, amma ba shi ya buɗe rumfa ba, ba shi ya ɗauko tebur ba."

"To wane ne? Aljani?"

Firmino ya ɗago ya dube ni, yana girgiza kai a hankali. Na kau da ido. Na ciro koren ƙyallen daga aljihu na ajiye kusa da mabuɗan.

"A ƙarƙashin fitilar na same shi."

Babu wanda bai taɓa shan gahawa a kan irinsa ba. Léandre ya fara cewa ai ko Firmino zai iya tsintar ɗaya, na san kuma idan na tsaya a nan da wannan maganar za a tashi. Sai na jawo kujera na zauna kusa da Baba, na riƙe hannunsa. Ban taɓa ƙin aikina kamar a wannan lokacin ba.

"Baba," na ce, "Odile ta ji daɗin teburin?"

Fuskarsa ta washe kamar ta yaro. "Kai, ta ji daɗi ƙwarai! Ta ce ta san ba zan yi mata ƙarya ba." Ya juya wurin Tiphaine. "'Yan nan, na ɗauki na ɓawon ƙwan nan, kada ki neme shi. Ba na sayarwa ba ne, na gida ne. Na cike miki wurin. Ki riƙa goge kujerun bayan nan, sun yi ƙura." Sannan ya dubi sauranmu. "Me ya sa kuka yi jugum haka? An yi rasuwa ne?"

Marcelle ta toshe bakinta da tsumma ta shige ciki. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune su suka ɗauki akwatin gawar Odile. Tiphaine, wadda tun Asabar take rantsuwa sai ta ga ɓarawon a ɗaure, ta tashi ta durƙusa a gabansa.

"Na gani, Baba," ta ce. "Ka kyauta. Zan goge."

Léandre ya tura mabuɗan zuwa bakin tebur. Muryarsa da ba ta taɓa yin ƙasa ba ta yi ƙasa. "Firmino, zo ka ɗauki kayanka. Mun zalunce ka."

Firmino bai ko kalli mabuɗan ba. Ya zo ya ɗauki kwat ɗin Baba ya sa masa, ya ɓalla masa maɓallai har wuya. Da za su fita ya tsaya a kaina.

"Kin wanke ni, Madam Gigi," ya ce. "Ban ce na gode ba."

"Ban ce ka ce ba," na amsa.

* * *

Ni na buga wa 'yar Baba waya, don ba wanda ya yarda ya yi. Ta zo, ta ga gas, ta ga kofin ruwan da ke gefen gado, ta yi kukanta, ta nema masa wuri a gidan tsofaffi kusa da ita. Ba muguwa ba ce, abin da kowace 'ya za ta yi ta yi. Tiphaine ta ce a bar teburin inda yake har ranar tafiyarsa. Bayan nan ta karɓo shi, kafin sanyi ya wuce an saye shi, ban tambayi wa ya saya ba.

Firmino ya koma bakin aikinsa. Waɗanda suka fi kowa zare masa ido su suka fi kowa kiransa yanzu, har da ba shi abin shan gahawa. Aiki na farko da aka ba shi kuwa shi ne kwashe rumfar Baba Célestin.

An kawo Baba ya yi sallama da layin. Motar 'yarsa tana jira a bakin hanya, shi kuma ya tsaya a ƙofar rumfa yana kallo ana fitar da teburansa ɗaya bayan ɗaya, a zatonsa wani babban ciniki ne ya faɗa. Firmino yana naɗe kowane da bargo, ya rungume shi a ƙirji, ya kwantar a amalanke kamar mai kwantar da jariri. Baba ya bi shi da kallo, yana gyaɗa kai. Da aka ɗora na ƙarshe ya yafito shi.

"Kai, saurayi, zo nan. Sabon zuwa ne kai?"

Firmino ya tsaya cak. Ya cire hula. "Eh, Baba."

"Hannunka yana da kyau, ba ka jan kaya a ƙasa. Kana da aiki?"

"Ina nema, Baba."

"To ka zo gobe da sassafe ka same ni a nan. Kada ka kula da abin da mutanen layin nan za su ce, ni zan ba ka."

'Yarsa ta riƙo shi suka nufi mota. Firmino ya tsaya da hular a hannu, hawaye na sauka a gemunsa.

"To, Baba," ya ce. "Zan zo."